Talatar da Aka Ɗaga

Na riga na buga ranar a kan kati dubu goma sha ɗaya,
baƙar tawada, manyan baƙaƙe: Talata, biyu ga wata.
Na lashi ambulan har harshena ya yi ɗaci.
Sai ga waya daga babban birnin jiha,
wai majalisa ta zauna da tsakar dare
ta ɗaga zagaye na biyu na fidda gwani da mako uku.
Mai faɗa mini yana cin wani abu,
ina jin taunarsa.

Ni ce Verlene Tolliver, akawun zaɓen gunduma,
shekara ashirin da shida makullin ɗakin akwatuna na rataye a wuyana.
Su can suna ɗaga rana
kamar mai ɗaga kujera ya share ƙarƙashinta.
Mu nan rana saiwa gare ta,
in ka tumɓuke ta, da ƙasa take fitowa.

Mai maɗaba'a bai san majalisa ba, dala ya sani,
dubu tara da ɗari huɗu, a sake bugu.
Gidan waya ya karɓi nasa sau biyu bai ko ɗaga kai ba.
Zauren makarantar da muke ara, hutu ya zo, an fasa daɓensa,
sai muka yi hayar tsohon shagon taki a bakin titi,
fanka huɗu suna juya zafi ɗaya.

Dattijo Clement Ashby, mai duba sunaye tun ina budurwa,
ya sa ranar aikin idonsa bayan zaɓe
don kada ya bar mu a rana.
Ranar ta bi shi har gadon asibiti.
Na ɗauki yara biyu a madadinsa, na biya kuɗin koya musu,
su biyun ba su kai rabin idonsa mai yanar ba.

Daga ina kuɗin? Mai ɗaki ya san inda ke yoyo.
Mun zauna mu bakwai, muka dubi kasafi,
muka dubi juna,
muka yanko daga gadar rafin da ke bayan gonakin auduga.
Yanzu motar 'yan makaranta za ta ƙara shekara tana zagaye,
mil goma sha ɗaya safe, goma sha ɗaya yamma,
yara na barci da goshi a jikin gilas.

Akwai wanda ba ya shiga littafi.
Odessa Crump, mai fiɗar kaji a masana'anta,
ta nemi hutun yini, ba biya, tun wata guda,
ta zo ran tsohuwar Talata da kati na farko a jaka,
ta tarar da kwaɗo a ƙofa.
Na hango ta ta taga.
Ta karanta sanarwar da na manna, ta sake karantawa,
ta gyara hularta ta koma mota.
Ran sabuwar Talata na yi ta duban hanya.
Wuƙa na hannunta a wancan lokacin, na sani.

Da dare muka ƙirga.
Ɗari shida da sha biyu, a gunduma guda.
Na raba dala dubu talatin da takwas a bayan ambulan,
kowace ƙuri'a ta tashi sittin da biyu da 'yan canji.
Wanda ya ci ya gode wa Allah da jama'a a rediyo.
Wanda ya faɗi ya ce da ba a ɗaga ba.

Ragowar tsofaffin katunan suna nan cikin kwali,
gabansu ƙarya, bayansu fari fat.
Jikanyata Junie takan zo ofis ta jira ni,
na ba ta su ta yi zane.
Jiya ta zana rafi, da mota rawaya a gaɓa.
Na ce ina gadar?
Ta ce, Kaka, wace gada?